Kuɗin talla na korar 'yan damfara, ko talaka kawai yake kora?

Baban_Iman:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni sakat tun jiya, na ce bari in kawo ta nan. Ina neman firji na hannu a wani shafin saye da sayarwa, irin waɗanda kowa ke sa tallarsa kyauta. Cikin mutum bakwai da na kira, uku labarinsu ɗaya: mai kayan ya yi tafiya, firjin na hannun ɗan'uwansa, mutane na ta rububi, in ina so in tura kafin alƙalami a ajiye mini. Biyu daga cikinsu ma hoton ɗaya ne, har da lotsawar da ke jikin ƙofar firjin, lambar waya ce kawai ta bambanta.

Ni dai a ganina kyautar nan ce ta jawo. Da a ce kowace talla sai an biya, ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da mutum ɗaya bai zauna ya zuba tallar ƙarya hamsin ba. Ko ya kuka gani?

Sarkin_Shakka:
Wa alaikumus salam. Baban Iman, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan damfara ɗan kasuwa ne, haramtacciyar kasuwa dai yake ci. Yana sayen data, yana sayen layukan waya, yana ɓata yini guda yana lallaɓa mutum ɗaya. Kuɗin talla zai shiga cikin jarinsa ne kawai, ya cire a jikin wanda ya faɗa.

UmmuKhairat:
Ni kam ina bayan Baban Iman. Duk abin da aka ce kyauta ne sai ya zama bola. Ko ba a kore su duka ba, a rage mana su.

Malam_Lissafi:
Ku bari mu sa alƙalami, don maganar ba ta "e" ko "a'a" ba ce. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, na ƙirƙire su don a gane.

Mu ce talla ɗaya dala 5 ce. Akwai mai damfarar ƙananan kaya, wanda abin da yake samu a kan mutum ɗaya bai wuce dala 20 ba, kuma sai ya sa talla goma kafin mutum ɗaya ya faɗa. Ya kashe 50, ya samu 20. Wannan kam an kashe masa kasuwa, dole ya tattara ya koma inda ake yi kyauta. Akwai kuma mai tallar gidan haya ko mota, wanda in mutum ɗaya ya tura masa kafin alƙalami zai samu dala 1,000. Ko talla hamsin ya sa kafin ya dace, 250 ya kashe, saura 750 a aljihu. Shi wannan dariya ma zai yi.

To kun ga kuɗin rariya ne, ba katanga ba. Yana tace ƙanana, manya su wuce. Sannan akwai abu na uku da ba a cika kulawa da shi ba: tsawon lokacin da tallar ke yi kafin a sauke ta. In shafin na sauke tallar ƙarya cikin awa ɗaya, dala 5 ɗin nan awa ɗaya ta saya masa, sai ya sake biya. In kuwa tallar za ta yi wata guda ba wanda ya taɓa ta, to araha ya samu.

Baban_Iman:
Allah gafarta Malam, ai ko ƙananan aka tace an yi aiki. Firji nake nema, ba gida ba.

Ɗan_Kwamfuta:
Malam_Lissafi, lissafinka ya ɗauka cewa daga aljihunsa yake biya. Da yawansu da katin sata suke biya. Ga yadda abin ke tafiya: ya sa lambar katin wani, talla ta hau nan take. Mai katin ba zai lura ba sai ya ga saƙon banki, ko ma sai ƙarshen wata. Ya kai ƙorafi, banki ya janye kuɗin daga hannun shafin, a kuma ɗora wa shafin tara a kai. Kafin a gama duk wannan, tallar ta ci kasuwarta ta tashi. Mai katin ya sha wahala, shafin ya yi asara, ɓarawon bai kashe ko sisi ba.

Har ma akwai masu amfani da irin waɗannan ƙananan biyan kuɗi don gwada katunan da suka sata, su ga wanne ke aiki kafin su je su yi babbar sayayya da shi.

Baban_Iman:
To in haka ne me ya sa manyan shafuka ke karɓa? Wauta suke yi?

Ɗan_Kwamfuta:
A'a Yaya, ba wauta ba ce. Na farko, kuɗin shiga ne gare su, kada mu manta da wannan. Na biyu, amfanin biyan ba a yawan kuɗin yake ba, a sawun da yake bari yake. Mai sa talla kyauta adireshin imel kawai yake buƙata, kuma zai iya buɗe ɗari a yini. Kati kuwa yana da suna, yana da banki, yana da ƙasar da aka fitar da shi. In aka ga katin wata ƙasa na biyan tallar gidan haya a wata ƙasar, ko kati ɗaya na biya wa asusu ashirin, sai na'ura ta daga tuta. Kuma in aka toshe kati, samun wani ya fi buɗe sabon imel wuya nesa ba kusa ba.

Dubi shafin talla na Craigslist a Amurka, wanda Craig Newmark ya fara a San Francisco a 1995. Har yau yawancin tallarsa kyauta ce, amma sun zaɓi wuraren da suke karɓar kuɗi. Tallar neman ma'aikata sun daɗe suna karɓa a kai. Dillalan mota sun fara biyan dala 5 tun 2013, sannan a 2019 aka ce ko kai ne mai motar da kanka sai ka biya dala 5 ɗin. Wato ba su ɗora wa mai sayar da tsohuwar kujera ba, sun ɗora a inda kuɗi ke da nauyi.

Inna_Talatu:
Ku 'yan boko kuna ta lissafi, ba wanda ya tuna da irinmu. Ni kayan da yara suka girma suka bari nake sa wa, takalma, keken koyon tafiya, wani lokaci tsohuwar tukunyar lantarki. Wani abin sai ya yi wata biyu ba a taya ba. In sai na biya kafin in sa, kuma ban san ko zai fita ba, wallahi ba zan sa ba, gara in bayar sadaka. Shi ɓarawon yana da tabbacin riba, ni ba ni da shi. To wa aka kora a nan, ni ko shi?

UmmuKhairat:
Inna kin yi gaskiya, ban hango ta nan ba. Amma ai za a iya cewa talla biyu ko uku na farko a wata kyauta ne, daga nan a fara biya.

Ɗan_Kwamfuta:
Anti, akwai shafukan da ke yin haka. Matsalar ita ce sai ya buɗe asusu talatin, kowanne ya ci kyautarsa uku. Sai dai in an ɗaure kowane asusu da lambar waya, nan ma akwai masu sayar da lambobin karɓar saƙo na wucin gadi.

Alhaji_Gwanjo:
Ni shekarata takwas ina sayar da kayan ofis na hannu ta intanet, kuma ina biya da zuciya ɗaya. Ba don an kori ɓarayi nake biya ba. A shafin kyauta, ka sa talla da safe, kafin azahar ta nutse a shafi na tara, saboda wani ya kwafa tallarsa sau arba'in don ya zauna a sama. Inda ake biya wannan haukan babu shi. Mai saye yana ganin kaya ashirin na gaske maimakon ɗari biyu na shara, kuma in shara ta ragu, tallar ƙarya ta fi saurin fitowa fili. Kura a cikin garken awaki goma ai ba ta ɓuya, a cikin dubu ne take sajewa.

Sarkin_Shakka:
Alhaji, ranka ya daɗe, kai babban ɗan kasuwa ne, tsarin ya yi maka daidai domin yana rage maka abokan gasa irin su Inna. Wannan ba zargi ba ne, haka kasuwa take.

Amma ga misalin da nake so kowa ya tuna. Nuwamba 2022, Twitter ya ce duk mai dala 8 a wata zai samu shuɗin makin da ke nuna an tantance asusu. Hujjar ita ce kuɗi zai kori asusun bogi. Cikin 'yan kwanaki wani ya biya, ya buɗe asusu da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, da makinsa shuɗi raɗau, ya rubuta cewa insulin, maganin ciwon sukari, ya zama kyauta. Sai da kamfanin na gaske ya fito yana ba da haƙuri a kan abin da ba shi ya rubuta ba, Twitter kuma ya dakatar da tsarin na wani lokaci. Dala 8 ba ta hana shi ba, ita ce ma ta saya masa rigar mutunci.

Hajiya_Mai_Haƙuri:
Wannan magana ta Sarkin_Shakka ita ta same ni, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ɗiyata ta samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, muna neman mata ɗaki. Na shiga wani shafi, ba zan kama suna ba. A can sama akwai tallace-tallace masu launi daban, da ɗan tambari a gefe mai nuna cewa an biya an ɗaga su. Ni a tunanina duk wanda ya cire kuɗinsa ya biya, ai an san shi, an san inda yake. Na tsallake na kyautar gaba ɗaya, na zaɓi ɗaya daga cikin na saman. Hotuna tsaf, har da labule mai ruwan toka da ɗan teburin karatu a jikin taga. Mutumin ya yi magana cikin natsuwa, bai matsa mini ba ko kaɗan, har yana ce mini in yi shawara da maigida tukuna. Ya turo takardar yarjejeniya mai sa hannu. Na tura kuɗin wata uku.

Ranar da yarinyar ta isa da akwatunanta, gidan na nan, ɗakin na nan, labulen ma na nan. Matar da ta buɗe ƙofa ta ce shekararta huɗu a ciki, kuma ɗiyata ce ta uku da ta zo da irin wannan takarda a makon. Hotunan daga tsohuwar tallar mai gidan aka kwashe su. Da na rubuta wa shafin, amsar da suka ba ni ita ce tambarin yana nufin an biya kuɗin ɗagawa ne kawai, ba ya nufin sun tantance kowa. Suna da gaskiya a rubuce, yana cikin ƙa'idojinsu. Amma wa ke karanta wannan?

Da tallar kyauta ce, wallahi da na yi taka-tsantsan.

UmmuKhairat:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya. Yarinyar fa, ina ta kwana?

Hajiya_Mai_Haƙuri:
Amin 'yar uwa. Matar nan ce ta tausaya ta bar ta ta kwana biyu a falonta har muka samu wani wurin. Na gari ba su ƙare ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Allah ya kiyaye gaba, amma a faɗi gaskiya, kwaɗayi mabuɗin wahala. Yawancin waɗanda ake cuta araha suka hango. Ta yaya za ka tura kuɗi a kan abin da idonka bai gani ba?

Inna_Talatu:
Kai yaro, ka iya bakinka. Ina kwaɗayi a uwar da ke nema wa 'yarta wurin kwana a garin da ba ta san kowa ba? Ta ce maka ɗakin araha ne? Wanda bai taɓa shiga matsi ba shi ke ganin kowa wawa ne.

Gaskiya_Ɗaci:
Inna a yi haƙuri, ba da Hajiya nake ba. Hajiya ki yafe ni. Amma maganar tura kuɗi kafin gani ina nan a kanta.

Malam_Lissafi:
Akwai ɗan abin dubawa a nan. Wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi rubutu a 2012 a kan dalilin da ya sa wasiƙun damfara ke zuwa da labarin da hankali ba zai ɗauka ba. Bayaninsa shi ne, aika saƙo ga mutum miliyan kusan kyauta ne, abin da ke cin ɗan damfara shi ne lokacin da zai ɓata a kan wanda zai amsa amma a ƙarshe ya ƙi biya. Don haka labarin banza yana tace masa mutane, masu wayo su watsar tun farko, ya rage da waɗanda za su kai ƙarshe.

Abin da na fahimta daga nan, idan ka sa kuɗi a kan talla, ka canza masa lissafi. Ba zai iya watsa tsaba ko'ina ba, sai ya koma yin talla kaɗan masu kyau, da hoto mai kyau da farashi daidai da na kasuwa, irin wadda ta kama Hajiya. Yawansu ya ragu, ƙwarewarsu ta ƙaru. Shi ya sa maganar kwaɗayi ba ta cika shiga a irin wannan ba.

Kanikan_Zamani:
Duk kuna magana a kan mai talla. Ni ta ɗaya ɓangaren aka zo mini. Na sa kwamfutata, na biya kuɗin tallar ma. Minti goma ba a yi ba wani ya kira, bai nemi ragi ba, bai tambayi lafiyar batir ba. Ya ce direbansa na hanya, ya turo mini hoton shaidar tura kuɗi, sai ga alat ya shigo wayata da sunan banki. Allah ya taimake ni na buɗe manhajar bankin na duba, ko ficika ba ta shiga ba. Direban na tsaye a ƙofa yana cewa network ne, in ba shi kaya zai shigo anjima. Na ce to mu jira network ɗin tare. Ya ce bari ya gyara fakin, har yau yana gyarawa.

Tambayata ga Baban Iman: wannan me kuɗin talla zai yi masa? Mai saye ba ya biyan komai.

Baban_Iman:
Gaskiya wannan ban da amsarsa. Sai dai in an ce mai tura saƙo ma sai ya biya, wanda kuma ba mai yarda.

Zee_Baby:
Ni kuma wata ce ta ce tana son jakar da na sa, amma wai tana tsoron 'yan damfara, za ta turo mini lamba shida ta waya in karanto mata don ta tabbatar ni mutum ce. Na ji abin wani iri na share ta. Me take nufi da hakan don Allah?

Ɗan_Kwamfuta:
Kin tsallake rijiya da baya, ƙanwata. Lambar nan ba ita ta turo ba. Ta je ta sa lambar wayarki ne a wata manhaja, ko WhatsApp ko wani shafin, manhajar ta turo miki lambar tabbatarwa. Da kin karanta mata, ko ta ƙwace asusunki, ko ta buɗe sabo da lambarki ta ci gaba da cutar mutane da sunanki. Kuma wannan ya dawo da mu kan maganarmu: irin waɗannan asusun da aka ƙwace su ake amfani da su a tsallake duk wani shingen da shafi ya sa. Tsohon asusu mai shekara biyar da kyakkyawan tarihi ya fi sabo daraja a wurinsu, har sayar da su ake yi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a muna ta nisa. Tambayar ita ce ko kuɗin talla na hana damfara. Labaran alat na bogi a buɗe musu nasu zaren. Na gode.

Ɗalibar_Tattali:
To bari in dawo da mu. Abin da Inna_Talatu ta faɗa a sama shi ne zuciyar maganar, ko da ba da yaren aji ta faɗe shi ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayani a 1970 da misalin kasuwar motocin hannu: in mai saye ba zai iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya ba, zai taya duka da arha, masu motoci masu kyau su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Michael Spence kuma ya nuna cewa alama ba ta raba na gari da mugu sai in ta fi yi wa mugun tsada. Su biyun da Joseph Stiglitz suka raba kyautar Nobel a 2001.

To kuɗin talla wa ya fi yi wa tsada? Mai gaskiya ribarsa ita ce bambancin abin da ya saya da abin da ya sayar. Ɗan damfara ba shi da kaya, duk abin da ya karɓa riba ce. Kenan kuɗi iri ɗaya ya fi nauyi a kan mai gaskiya. Alamar da ke aiki ita ce wadda mai gaskiya zai bayar cikin sauƙi, maƙaryaci kuma ba zai iya ba: zo ka gani da idonka, kunna ka gwada, ɗauki hoton kayan tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan yau.

Tsohon_Mai_Tacewa:
Na yi shekara biyu ina aikin duba tallace-tallace a wani ƙaramin shafi, ba zan faɗi sunansa ba. Ina wurin lokacin da aka fara karɓar kuɗi a sashen motoci da gidaje, don haka abin da na gani da idona zan faɗa.

Makon farko kamar an yi ruwa an ɗauke. Layin tallar da ke jiran dubawa, wanda da ba ma ganin ƙarshensa, ya zama muna gamawa kafin a tashi. Masu kwafa talla ɗaya sau talatin sun ɓace. Masu sa mota da farashin keke sun ɓace. A karon farko muka samu sukunin buɗe kowace talla mu duba hoton, mu bincika ko an taɓa sa shi a wani wuri. Ta wannan fuskar Baban Iman da Alhaji suna da gaskiya, kuma duk wanda ya ce kuɗin bai yi komai ba bai zauna a kujerar nan ba.

Bayan kamar wata biyu sai suka dawo, ba da yawa ba, amma waɗanda suka dawo sun san aikinsu. Sannan sashen da aka bari kyauta, wayoyi da kayan gida, ya cika maƙil da waɗanda aka koro daga can. Ba su tuba ba, ƙaura suka yi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a faɗa. Da talla ta zama kuɗi, sai sauke ta ya zama asara. A da in na ga alamar tambaya, in danna in goge, ba mai tambayata. Bayan an fara biya, sai aka ce kada a sauke tallar da aka biya sai da hujja, domin mai ita zai nemi a mayar masa da kuɗinsa, ya kuma yi ta ƙorafi. Akwai wani asusu da na kai rahotonsa sau uku, yana cikin masu kashe kuɗi sosai wurin ɗaga talla, kullum amsar ita ce a ƙara sa ido. Ba na cewa an haɗa baki da shi. Amma wanda ke ba ka abinci, hannunka na nauyi a kansa.

Sarkin_Shakka:
Yawwa. Ga shi daga bakin mai ita. Shafin da ke cin kuɗin ɓarawo ya zama abokin cin mushe, ko ya so ko bai so ba.

Alhaji_Gwanjo:
Ka ɗauki rabin maganarsa ka bar rabi. Ya ce layin ya ragu har suka samu damar dubawa. Kuma albashin masu dubawar daga ina zai fito in ba a karɓi kuɗi ba? Facebook Marketplace tun 2016 yake, sa kaya kyauta ne, ka shiga ka ga ko kyautar ta sa ɓarayi sun ji kunya sun bari.

Malam_Lissafi:
Akwai hanya ta tsakiya: a mayar da shi ajiya maimakon kuɗin talla. Ka ajiye wani abu, in ka sayar lafiya ko ka sauke tallarka ba ƙorafi, a mayar maka. In an kama ka da ƙarya, ka rasa. Kamfanin Valve na yin mai kama da haka a dandalin wasanninsa na Steam tun 2017: dala 100 kan kowane wasa da za ka sa, in cinikinsa ya kai dala 1,000 a mayar maka. Da irin wannan, Inna ba ta yi asara ba, ɓarawo ne kaɗai ke asara, kuma shafin ba shi da dalilin jin nauyin sauke talla.

Inna_Talatu:
Malam, in ina da kuɗin ajiyewa ai da ban sayar da takalman yara ba. Sannan wa zai yanke hukuncin cewa na yi ƙarya? Wata ta saya ta kai gida ta ga launin bai yi mata ba, ta danna ƙorafi, shi kenan kuɗina ya tafi? Ko mai sayar da irin kayana ya sa 'yan uwansa biyar su kai ƙarata?

Ɗan_Kwamfuta:
Kuma in da katin sata ya yi ajiyar, mun koma gidan jiya.

Wannan tunanin na sa wa mai aikawa tsada fa ba sabo ba ne. Tun 1997 Adam Back ya fito da Hashcash, wato kafin ka aika imel sai kwamfutarka ta yi ɗan wahalar lissafi, yadda mai aika ɗaya ba zai ji ba, mai aika miliyan zai ji a jikinsa. A 2004 Bill Gates ya tsaya a taron tattalin arzikin duniya na Davos ya ce nan da shekara biyu an gama da saƙonnin shara, kuma cikin dabarun da ya ambata har da sa wa imel kuɗin kan sarki. Ku duba akwatin imel ɗinku ku ba ni labari. Abin da ya rage sharar a ƙarshe matatun da ke gane ta ne, ba kuɗi ba. Dabarar Hashcash kuwa ta je ta samu gida a Bitcoin.

Ɗalibar_Tattali:
Amma kada a ce bai taɓa aiki ba. Shafin tattaunawa na MetaFilter ya fara karɓar dala 5 sau ɗaya wurin rajista a 2004, kuma an san shi da tsafta. Sai dai can hira ake yi, mai zuba shara ribarsa a kan kowane saƙo ƙanƙanuwa ce, dala 5 ta isa ta kore shi. Ga kuma masu kula na gaske da ake biya albashi. Ya dace da lissafin Malam na farko.

Kanikan_Zamani:
Ni a bar kuɗi, a nemi katin shaida da hoton fuska. Wanda ya san an san fuskarsa zai yi tunani sau biyu.

Zee_Baby:
Ni dai ba zan ba wani shafi katin shaidata don in sayar da jaka ba. Gobe a yi musu kutse, hotona da adireshina su faɗa hannun waɗanda ake gudu.

Ɗan_Kwamfuta:
Dokoki sun fara bin ta nan, amma ba a kan kowa ba. A Amurka akwai dokar INFORM da ta fara aiki a Yunin 2023. Ta wajabta wa kasuwannin intanet su karɓi bayanan banki da na haraji da lambar tuntuɓa na duk wanda ya yi ciniki 200 ko fiye na sabbin kaya, kuɗinsu ya kai dala 5,000 cikin wata 12, su kuma tantance. Mai jaka ɗaya irin Zee ba ta ciki. Sai dai mai tallar ɗakin da ya cuci Hajiya shi ma ba ya ciki, tunda shi ko ciniki ɗaya bai yi ta cikin shafin ba, waje ya ja ta.

Hajiya_Mai_Haƙuri:
Ni abin da nake roƙo ƙarami ne. In za su karɓi kuɗi su karɓa, amma su rubuta ɓaro-ɓaro a jikin tambarin cewa biya aka yi, ba tantancewa ba. Kada su yi masa launin da zai sa tsohuwa irina ta ɗauka shaida ce.

Baban_Iman:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, domin abin da Tsohon_Mai_Tacewa ya faɗa na makon farko shi nake nema, a rage sharar in iya ganin gabana. Amma na yarda ba zai taɓa mai alat na bogi ba, kuma maganar Inna ta tsaya mini a rai.

Af, na koma shafin ɗazu. Tallar firjin nan mai lotsattsiyar ƙofa da na kai ƙara jiya an sauke ta. Ta dawo da sabuwar lamba, an juya hoton hagu zuwa dama, yanzu lotsawar na ɗaya gefen.

Tsohon_Mai_Tacewa:
Juya hoton don ya ruɗe na'urar da ke gane hoton da aka taɓa sawa ne. Sake kai ƙara, ka rubuta musu cewa an juya shi, in mutum ne ya karanta zai gane. A sama take ko a cikin na kyauta?

Baban_Iman:
A sama. Da tambarinta.